Wasiƙun Baban Tiyezge

A ƙauyen su NyaKaluwa, can bayan Rumphi, akwatin gidan waya ɗaya ne tal, na coci. Ranar Juma'a Dattijo Msowoya yake hawa keke ya kwaso wasiƙu, ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa yana kiran sunaye, mai wasiƙa ya fito ya karɓa. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya hore masa murya, kuma bai iya rage ta ba.

"Lackwell Chirambo!"

Shi kuwa Lackwell Chirambo wata goma sha huɗu ke nan da binne shi. NyaKaluwa ce matarsa. Shekara arba'in da ɗaya suka yi tare, ita tana noman masara da wake, shi yana fama da ƙudan zuma. Bai tara abin duniya ba, amma ya shiga ƙungiyar masu kiwon zuma da ke Mzuzu, har da kati mai hoto, yana ji da shi ƙwarai.

Tun da ya kwanta dama ƙungiyar ta sako shi gaba. Wasiƙar farko ta ce wa'adin katinsa ya kusa ƙarewa, ya sabunta. Ta biyu ta ce ya ƙare. Ta uku ta ce wannan ce tunatarwa ta ƙarshe, kuma irin wannan ta ƙarshen sai da ta zo sau biyar. Wata ma cewa ta yi sun yi kewarsa. Mutanen da ko ɗayansu bai tako wurin jana'iza ba!

Duk ranar da aka kira, ita ce take ratsa mutane ta je ta karɓa. Maƙwabciyarta NyaBota kuwa ba ta barin ta kwana.

"Yaya, mijin nan naki ya fi masu rai samun wasiƙa. Anya ba budurwa ya bari a Mzuzu ba?"

"In budurwa ce ta zo ta kwashe amyar, ni ƙudan sun ishe ni."

Sai a yi dariya, ita ma ta yi yaƙe, amma abin yana cin ta. Matan zamaninta ba sa kama sunan miji. Tun haihuwar 'yarsu ta fari Baban Tiyezge take ce masa, kafin nan kuwa gyaran murya kawai take yi ya waiwayo. Yanzu ga sunan ana ƙwala shi a filin coci kamar na mai laifi. In ta koma gida, da wasiƙar take hura wutar tuwo.

Ta roƙi Dattijo ya riƙa miƙa mata a ɓoye. Ya ce, "Mama, ni abin da aka rubuta nake karantawa. In na fara zaɓe, gobe a ce na danne wasiƙar wani." Tiyezge ta rubuta wa ƙungiyar sau biyu cewa mahaifinta ya rasu. Amsar da ta zo wata tunatarwar ce, da kalanda mai hoton fure.

Da abin ya kai ta bango, ta ɗaura zanenta na fita ta shiga motar Mzuzu. A ofishin ƙungiyar ta tarar da wata mata a bayan tebur tana cin soyayyen rogo, ta faɗa mata abin da ke tafe da ita.

"Mama, ai ba mu muke aikawa ba, na'ura ce."

"To ita na'urar ba a gaya mata mutuwa?"

"Kawo katinsa in cire shi."

Katin yana aljihun kwat ɗin da aka binne shi da ita. Wasiƙun kuma duk sun zama toka.

"To faɗi sunansa."

"Baban Tiyezge. Chirambo."

"Chirambo goma sha ɗaya gare mu, Mama. Wanne daga ciki?"

NyaKaluwa ta dubi ƙasa. Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ta. Can ta ce a hankali, "Lackwell." Shi ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinta, kuma don a goge shi ta faɗa. Matar ta share yatsa a gefen siket ta danna wani abu. "Shi ke nan, an cire."

Lahadi ta zagayo, wata ta sake zagayowa. Dattijo ya yi ta kiran sunaye, ita kuma ta kama kanta tana gyara zane, tana shirin fitowa. A lokacin ta lura: 'ya'ya Baba suke cewa, 'yan gari marigayi, fasto kuma ɗan'uwanmu da ya riga mu. Ashe banda na'urar nan babu mai kiransa da sunansa.

Lahadi ta huɗu ta jira har fili ya watse, ta matsa kusa da Dattijo yana ɗaure jaka a keke.

"Baba, duba jakar nan da kyau, ko wata ta maƙale."

Ya kwance, ya kife ta, ya kakkaɓe.

"Babu, Mama. Marigayi ba shi da wasiƙa."