Gwangwanin Ta Mora

Mu uku Inna ta haifa, duk mata, kuma ba wadda ta ɗauko fatar 'yar'uwarta. Inna takan ce Allah ya raba mana fata ne don kada ta huta. Gidanmu yana Jambutu a Garwa, zamanin da shugaban ƙasa ɗan garin ne, hotonsa har a jikin zannuwan mata. Baba yana fataucin gishiri da atamfa, sana'ar da kakansa ya zo da ita daga ƙasar Kano. A gida Hausa muke yi, a kasuwa Fillanci, a lakwal kuma, wato makaranta, malamai su dame mu da Faransanci.

Kowace safiya in gari ya waye sosai, Inna takan zauna a tabarma ƙarƙashin darbejiya, mu zo ɗaya bayan ɗaya mu durƙusa. Ba kallo take yi ba, taɓawa take. Bayan yatsu a goshi, gefen hanci, sannan kumatu. Tun kafin yana ta rufe mata ido haka take yi, shi ya sa da idon ya tafi, aikin bai canza ba.

Ni ce ta tsakiya, mai maiƙo. "Zo nan, ƙosai," haka take kirana, wai kullum kamar yanzu aka tsamo ni daga kasko. Nawa sabulun salo ne da ruwan randa mai sanyi, safe da yamma, sai a ɗauraye da tsinkakken ruwan tsamiya. Ranar Lahadi da ba lakwal, a kwaɓa farar ƙasa a lafta min, in zauna kamar dodo har ta bushe. 'Yan'uwana su yi ta dariya, ni ina zaginsu da ido, don bakin ba ya motsi. Mai kuwa haramun ne a fuskata, sai gwiwar hannu da ƙafa. In Inna ta kama ni na lakaci na wata, ranar kunnena ya shiga uku.

Autarmu fatarta mai saurin fushi ce, kamar ni a hali. Komai ya taɓa ta sai ta yi ja ta kama ƙaiƙayi. Ita ba sabulu a fuska, ba turare, ruwa zalla da ɗigon man riɗi a tafin hannu, shi ke nan ta tashi.

Yaya ce aikin. In ta fito wanka ta tsaya amsa sallama kafin ta shafa mai, sai ka ga ƙafafunta fari fat kamar ta yi birgima a toka. Leɓe ya tsage, dunduniya ta tsage. Sabulun kanti mai soda, wanda jiragen ruwa ke kawowa ta Binuwai da damina, ta taɓa gwadawa don gayu, ta yi kwanaki jikinta yana saɓa. Nata ruwan ɗumi ne, da dusar gero mai laushi a kwaɓa da madara a maimakon sabulu, sannan mai tun jiki da lema. Man nan Inna kaɗai ke haɗa shi. Man kaɗanya, ba a ɗora shi a wuta, a rana ake ajiyewa ya narke, ranar Garwa kuwa ba ta neman taimakon kowa. A zuba man riɗi, a buga har ya yi fari, a sa garin hulba da kajiji. Hulba ba ta ɓuya. In Yaya ta bi ta zaure, wanda ya shigo bayanta ya san ta bi.

Inna ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, kunyar 'yar fari. Ba ta wasa da ita a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarta. Da Yaya ta yi aure aka kai ta Mora, sai ta koma "ta Mora" a bakin Inna. Duk sabon wata Inna ta haɗa man, ta cika gwangwanin madara, ta ɗaure bakinsa da tsumma, ta ce, "A ba direba, na ta Mora ne." Direban babbar motar da ke kai wa Baba kaya arewa take nufi. Ba gaisuwa, ba saƙo. In ya dawo, ya taho da gwangwanin wancan watan, Inna ta zura yatsa ciki ta ji ba komai, ta ajiye shi a gefenta.

A bazarar da sanƙarau ya shiga arewa, Inna tana kwance. Hawan jini ya kayar da ita, gefenta na hagu ya yi nauyi, sai an kama ta take fitowa tabarma. Likita ya ja Baba gefe ya ce kada ta ji abin da zai tayar mata da hankali, in ta sake faɗuwa ba za ta tashi ba. Ana cikin haka direban ya zo da rana tsaka, ba ranar zuwansa ba, ya tsaya a zaure ya ƙi zama. Yaya ta rasu, har an binne ta.

Baba ya kira ni da Auta bayan gida. Ya ce, "Uwarku ba za ta ji ba. Duk wanda ya zo gidan nan da kuka, ya ajiye shi a zaure." A gidan ƙanensa aka karɓi gaisuwa. Ya je Mora ya dawo, aka ce wa Inna kai kaya ya yi.

Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, abin ne bai zo ba. Na koma na ƙarasa tankaɗen da nake yi. Ina cin abinci, ina zuwa lakwal, ina amsa gaisuwa, duk kamar wata ce ke yi ina kallonta. Kunyar Inna ma ta taimake mu, tunda dama ba ta tambaya.

Wata ya tsaya, Inna ta ce a shanya kaɗanya. Ni na riƙe ƙwarya, ita tana bugawa da hannu ɗaya, tana hutawa, tana haki, ta ƙi in karɓa. Ta ce ban san inda ake tsayawa ba. Da ta gama ta ce, "A ba direba." Na ce to. Na kai ɗaki na tura ƙarƙashin gado.

Bayan kwanaki ta ce, "Bai dawo da gwangwani ba?" Na gaya wa Baba. Ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zubar da man ki kawo mata gwangwanin." Na zagaya bayan gida na kwance tsumman. Hannuna ya ƙi kifar da shi. Sai na lakata na shafa a ƙafa, na shafa a hannu, na mayar ƙarƙashin gado. Haka na riƙa yi har ya ƙare, na wanke gwangwanin tas na kai wa Inna. Ta zura yatsa, ta daɗe ba ta fitar ba, sannan ta ajiye.

To, ni ba Yaya ba ce, ƙafa da hannuna ba sa cinye gwangwani a wata. Gwangwani na gaba da ya zo, sai na fara kai man wuya, daga wuya sai fuska. Na san haramun ne, oho. Ina son jin hulbar nan kusa da hancina, iyakar abin da nake ji a duniya ke nan. In shafa da yamma, da asuba in dirje da sabulun salo. Ga zafi, ga gumi, ga kaɗanya a kan maiƙo. Kai, fuskar nan ta yi abin da ta ga dama. Ƙuraje tun daga goshi har haɓa, wasu da ruwa. Sai na riƙa cewa na makara lakwal, in bar Auta ita kaɗai a tabarma. Lahadi in ce cikina ke ciwo.

Wata Lahadi Inna ta ce, "Ƙosai, yau ko mutuwa kike yi sai kin zo nan."

Na durƙusa. Goshi, gefen hanci, kumatu. Yatsunta suka bi ƙurajen a hankali. Ta jawo kaina ta sunsuni bayan kunnena, inda sabulu ba ya kaiwa. Auta tana gefe da kwanon farar ƙasa.

"Man ta Mora ne wannan," in ji Inna.

Ta sake sunsunawa.

"Ita ba ta ba kowa manta. Kun sha faɗa a kai." Ta saki kaina. "Gwangwanin da kika kawo min an wanke shi da ruwa. Ita ba ta wankewa, da yatsa take suɗewa."

Na zuba mata ido ina jiran ta yanke jiki ta faɗi. Na tuna har na gyara zama yadda zan tare ta, ba tsoro a raina, ba komai, kamar mai jiran tukunya ta tafasa ta sauke.

"Yaushe?" ta ce.

"Tun bazara, Inna. Sanƙarau."

Ba ta faɗi ba, ranar ko bayanta. Ta miƙa hannunta mai lafiya, Auta ta ɗora mata kwanon a cinya. Ta ɗebi farar ƙasa ta fara shafa min, goshi tukuna kamar kullum, tana kauce wa ƙurajen da suka fashe. Ta ce har su warke kada in ƙara taɓa tsamiya, za ta yi zafi. Ta gama, ta goge hannu a zane. Muka zauna. Kaji suna tono a gindin darbejiya, rediyon maƙwabta yana labarai da Fillanci.

Can sai ta kira sunan Yaya. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ya fito mata kamar na baƙuwa. Ta juyo da fuskarta wajena.

"Da suka yi mata wanka," ta ce, "da wane sabulu? Ba na kanti ba dai? Kin san yadda yake mata."

Farar ƙasa ta riga ta kama min fuska, bakina ba ya motsi. Ko da yana motsi, ban sani ba.