Wuƙar Baba a cikin fetur

A lokacin ƙanena direban kamiyon siminti ne a Malbaza, da idanunsa biyu yake ciyar da iyalinsa. Ni kuwa da nake yayansa, a kan ƙotar wuƙa na ɗaga masa hannu. Har yau idan na tuna sai in ji na tsani kaina.

Wuƙar ta Baba ce, 'yar aljihu mai naɗewa, ƙotarta ƙahon wani bijimi da ya yi shekaru yana ja mana amalanke a Tsarnawa. Da Baba ya rasu ta dawo hannuna, da dokokinta. Ƙaho ba ya son ruwan zafi, ba ya son rana. Idan jini ya taɓa shi, tsumma mai ɗan danshi za ka sa ka goge, ka ciro na cikin lungu da tsinke, sannan ka lakato man shanu ka yi ta murzawa da babban yatsa har ya sha. Haka nake yi duk Juma'a. Ƙotar ta yi baƙi siɗik, tana sheƙi.

Ranar layya ne. Mun yi fiɗa, mun banƙare raguna a jikin itace, mun jera su kewaye da wuta. Na ajiye wuƙar a kan turmi, duk kitse, na tafi kai wa Inna hanta. Ƙanena kuwa gwanin tsabta sai ya ɗauke ta. A garejinsu duk ƙarfen da ya yi maiƙo fetur ake jiƙa shi, to haka ya yi mata a cikin gwangwani. Da warin ya ƙi fita, ya tafasa ruwa da omo ya tsoma ta, sannan ya shanya ta a bakin wuta.

Da na dawo, da fara'arsa ya miƙo mini. “Yaya, duba. Ta hita tas!”

Innalillahi! Ƙahon ya yi fari fat, ya lanƙwashe, ya tsage daga ƙusa har gindi.

“Uban wa ya aike ka?” na ce.

“Wankewa na yi, Yaya.”

“Wankewa? Kai dai jaki ne, wallahi!”

Ya ɗaure fuska. “To ba ƙaho ba ne? Ga wasu nan huɗu a ƙasa, ɗauki ɗaya.”

Wannan maganar ce ta kwashe mini hankali. Wuƙar tana naɗe cikin tafin hannuna, na dunƙule na kai masa naushi. Gindin ƙotar, daidai wurin tsagewar, ya same shi a idon hagu. Ya faɗi kan itacen banƙara, rago ya kife cikin garwashi. Ban tsaya ba, na hau ruwan cikinsa na ƙara masa biyu, sai da Inna ta kwaɗa mini muciya a gadon baya. Bai rama ba ko sau ɗaya. Ya dafe idon, jini yana bi ta tsakanin yatsunsa yana shiga hannun sabuwar shaddarsa.

Ni na goya shi a babur zuwa asibiti a Ƙonni, ina tuƙi ina kuka. Likita ya zaro wani ɗan silin ƙaho daga cikin idon, ya ce wannan ido ya tafi, batun tuƙin babbar mota kuma sai haƙuri. Sannan ya dube ni, ya dubi rigata da ta yi jina-jina, ya juya wurin ƙanena.

“Wa ya yi maka wannan? Idan mutum ne, sai an kira jandarma.”

Na buɗe baki zan ce ni ne. Ƙanena ya lalubo hannuna ya matse da ƙarfi.

“Rago ne, likita,” ya ce. “Ni ne ban riƙe shi da kyau ba.”