Wankan Jego a Kurmi

A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira na gama kwalejin horon malamai, na dawo gidanmu a Ƙofar Kibo ina jiran a tura ni inda zan koyar. A daminar nan ce yayata take da cikin fari. Mijinta falke ne mai sayen goro, tun bayan biki ya tafi da ita wani ɗan ƙauye can cikin kurmi, inda yake saye a hannun manoma. Mun sa ran za ta dawo goyon ciki ta haihu a gida. Inna ta sa an yaɓe gadon ƙasa mai ramin wuta a ƙarƙashi, an tara itace a bayan ɗaki. Sai ga wani abokin fataucin mijin da saƙo: ruwa ya cinye hanya, mota ba ta shiga, mai tsohon ciki kuwa ba za ta iya tafiyar ƙafa ba.

Inna ta ci gaba da aikinta. Yaya 'yar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa. Gwaggo, yayar Babanmu, ita ta yanke magana.

"In ita ba za ta zo wanka ba, wanka ya je ya same ta. Ke 'yar boko, tashi ki ɗaure kaya. Kin zauna kina ta kallon sama kamar mai jiran wata."

Muka ɗauki kanwa da gero da yaji, da buhun busasshen ganyen darbejiya, don an ce ba a samunsa a can. Muka shiga jirgin ƙasa, muka hau motar katako, daga inda ta tsaya muka kama ƙafa.

Ban taɓa sanin rana za ta iya fitowa mutum bai gan ta ba sai a dajin nan. Itatuwa sun haɗe kai can sama, haske yana saukowa kore-kore, ƙasa tana warin ruɓaɓɓen ganye. Ƙauyen kansa 'yan gidaje ne da rufin ganye, ba katanga, ba zaure. Mata na zaune a fili suna ɓare goro, suna jera shi a kwanduna tsakanin manyan ganyaye. Gwaggo ta tsaya ta kama haɓa.

"Gida ba zaure? To a ina baƙo zai yi sallama, a kan gadon mutum?"

Mun tarar Yaya ta riga ta haihu, mace. Tana ganin buhun ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Gwaggo, har da darbejiya? Da kin ɗauko mini rijiyar gidanmu ma."

"Yi dariyarki yanzu, gobe da safe za ki yi kuka."

Gwaggo ta sa mijin Yaya ya gina gadon ƙasa. Itacen wurin duk jiƙaƙƙe ne, hayaƙi ya fi wuta yawa, ni nake durƙusawa ina hurawa ina hawaye. Safe da yamma ruwa ya tafasa a babbar tukunya, Gwaggo ta tsoma ganye ta fyaɗa wa Yaya a jiki, sannan ta kwanta a gado mai zafi ta sha kunun kanwa. Haka aka yi wa Inna, haka aka yi wa Gwaggo. Amma a can zufa ba ta bushewa. Zanen da na shanya yau sai in same shi jibi da danshi, geronmu ma ya fara fumfuna. Matan ƙauyen sukan leƙo da ayaba da doya da manja, su ga tururi, su kalli juna su koma.

Bayan suna ƙafafun Yaya suka fara kumbura.

"Gwaggo, zafin ya yi yawa. Numfashina ba ya kai ƙasa."

"Sanyi ne ya shige ki, 'yar nan. Ba ki ga ƙasar ba? Ko ina ruwa. Sanyi ke kashe mai jego."

Ta ƙara kanwa a kunu, ta sa na ƙara wuta. Ita kanta ba ta hutawa, hannuwanta duk sun saɓule da ruwan zafi. Kumburin ya hau har cinya. Yaya ta daina kwanciya, sai dai ta jingina da bango tana tari, jaririya a cinyarta.

Wata rana tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta shigo, ta danna ƙaurin Yaya da yatsa. Gurbin ya zauna bai taso ba. Ta yi magana da yarensu tana nuna hanya, mijin Yaya ya ce tana cewa a kai ta asibiti. Gwaggo ba ta musa ba. Sai dai asibitin yana hayin kogi, kogin kuwa ya yi ambaliya, mai kwalekwale ya ƙi shiga. Muka zauna jiran ruwa ya janye, Gwaggo tana ci gaba da wanka, don ba ta san wani abin da za ta yi ba.

Ranar da aka ce ruwan ya ɗan ja, mazan ƙauyen suka ɗaura zane a jikin gora suka ɗauki Yaya a kafaɗa. Ina biye da jaririya a baya. Da muka fito bakin kogi daji ya buɗe, suka sauke ta a kan yashi, aka shiga ƙwala wa mai kwalekwale kira, yana can ɗaya hayin. Na ɗora kan Yaya a cinyata.

"Kin ga sama," ta ce. "Tun da na zo ban gan ta da faɗi haka ba. Kamar a bakin ganuwa."

Na ce mata in mun koma za mu je can da yamma. Ta ce in gyara wa yarinyar kai, ya karkace. Kwalekwalen yana tsakiyar ruwa Yaya ta cika.

Gwaggo ce ta yi mata wanka. Mijinta da abokan fataucinsa biyu suka yi salla. Mazan ƙauyen, waɗanda ba addininmu ɗaya ba, su suka haƙa kabarin, ruwa na tsattsafowa suna kwashewa da ƙwarya. Wata mai goyo ta karɓi jaririyar ta shayar da ita tare da nata ɗan har ranar da muka taso.

Labari ya riga mu isa Zariya. Mun tarar gida cike da masu ta'aziyya. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, idanunta a bushe, don ba ta kukan 'yar fari a gaban mutane. Sai da aka watse ta matso kusa da Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta dai sami wanka ko?"

"Ko sau ɗaya ban tsallake ba," in ji Gwaggo. Ta buɗe tafukanta tana kallo.

"Alhamdu lillahi," Inna ta ce. "Da ma abin da nake tsoro ke nan, a ce ta rasa gata."

Ta kwance jaririyar daga bayana, ta shiga ɗaki da ita ta saki labule.