Murfi Mai Fallin

Ni dai har yau in na ga murfin lemon kwalba a ƙasa sai raina ya ɗan sosu, kuma taubashiyata ce ta ja mini.

A unguwar Alsawra muka taso, tsallaken kogi daga Khartum, gidanmu da na Kawu katanga ɗaya. A lokacin kowane murfi da fallin yake zuwa a cikinsa, wani ɓawon itace ne mai laushi, zagayayye. Sai ka ɓanɓare shi da tsinke, ka ɗora murfin a gaban riga, ka tura fallin ta ciki ya shige, shi ke nan ya zauna daram kamar lambar soja. Ranar Sallah kowace yarinya da nata a ƙirji.

To, Kawu a kamfanin lemo yake aiki. Yana kawo wa 'yarsa sababbi fil, waɗanda inji bai taɓa matsawa ba, fenti sai sheƙi yake. Ni kuwa sai tsintuwa a bakin kanti: mabuɗi ya lanƙwasa, ƙafa ta taka, fallin ya sha lemo ya yi baƙi ƙirin. Ita har bakwai take jerawa, tana tafe tana wani ɗaga kafaɗa, yara na binta yuu. Wallahi haushinta nake ji har cikin ƙashina. Ko ɗaya tak nake so, mai kyau, nawa na kaina.

Ana jibi Sallah Inna ta tafi da ni kasuwar Suk al-Arabi da ke Khartum sayen takalmi. Na yi ta naci har ta saya mini lemo, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce wa mai shagon, "Baba, don Allah a hankali, kar murfin ya lanƙwashe." Ya yi dariya, ya ɗora kwandala a kansa, ya bi gefe-gefe da mabuɗi har ya fita sumul. Ja ne, ko ƙwarzane babu. Na damƙe shi tun daga Khartum har muka haye gada, ban ko leƙa cikinsa ba. Lemon ma ban san ɗanɗanonsa ba.

Safiyar Sallah na sa sabuwar riga, na kira taubashiyar tawa musamman ta zo ta gani. Na juya murfin, na sa tsinke. Babu fallin! Wata farar roba ce siririya manne da ƙarfen, ina ƙwaƙula tana yagewa guntu-guntu.

Ta leƙo ta ce, "Au, ai sun daina sa fallin. Abba ya ce yanzu duk roba ce. Nawa ma na bara ne na adana."

Ba da tsiya ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ta ciro ɗaya daga ƙirjinta ta maƙala mini da hannunta. Na yini da shi a riga, duk wanda ya ce ya yi kyau sai in ce, "Nata ne."