Mutumin da Bai Zana Fuska Ba

Damina goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanen Korgom da Mushe suka san shi, don a lakwal, wato makarantar boko, yake koyarwa.

Mutum ne mai son kallo. Da an tashi lakwal sai ya ɗauki kaye, wato littafin zanensa, da fensir ya nufi gindin gawo. Ya zana zangarniyar gero, ya zana guga, ya zana akuyar maƙwabta tana miƙo wuya ta saman danga. Ƙwarya guda ta taɓa cinye masa hantsi, ni kuwa ina tsaye ina jiran abata in dama fura. Fuskar mutum ce kaɗai ba ya zanawa. Ya ce wannan ya bar wa Mahalicci.

Yanzu kowa da waya a hannu, ƙyas, an ɗauki hoto an wuce. Nakan yi tunanin abin da zai ce. Ina jin murmushi zai yi, ya tambayi yaran ko sun ga abin da suka ɗauka.

Ga abin da ke cina. Hotonsa ɗaya ne, na katin shaida, shi ma ruwa ya cinye shi shekarar da ɗakinmu ya yi yoyo. Autarmu ba ta fara tafiya ba ya rasu. Ni kuma kamanninsa sun fara kuɓuce mini, in na rufe ido sai hula da bayan wuya. Wallahi ina jin tsoro.

Ran Juma'ar nan muka fito da kayen muna kakkaɓe gara. Auta ta daɗe a kan zanen rijiya.

"Inna, wannan baƙin da ke ƙasa, mi ne ne?"

Na karɓa na duba. Rana tana bayansa ran da ya yi zanen, shi kuwa ba ya tsallake abin da idonsa ya gani. Inuwarsa ce kwance a kan yashi, doguwa, kafaɗa ɗaya ta ɗan karkace.

Shekara goma sha biyu ina buɗe shafin nan ban lura ba. Bai bar mana fuska ba, amma ya bar mana inda ya tsaya da abin da ya kalla. Auta ta ɗora yatsa a kan kafaɗar, a hankali, ta ce, "Ashe dogo ne."