Lungun da Aka Toshe wa Makarar Baba Sharfaddeen

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 4 ga Fabrairu 2025, Allah Ya karɓi ran kawun mijina, Malam Sharfaddeen, tsohon malamin shari'a, a gidansa da ke Tudun Wada, Zariya.

Baba, tun ina amarya ka san ni da karance-karancen littattafan soyayya, kuma ba ka taɓa yi min dariya ba. Wata rana ka tarar da ni ina kuka saboda wani alƙalin cikin littafi ya kori marainiya daga gidan ubanta.

Ka ce, "Bahijja, ai doka ya bi."

Na ce, "Wallahi Baba, zalunci ne."

Ka ce, "To, a wace jami'a kika karanta hakan?"

Sai ka ce abin da ka tsufa kana koyarwa ke nan. Akwai dokar da Allah Ya dasa a hankalin kowane ɗan Adam, Musulmi ko Kirista, tun kafin a rubuta kowace doka. Tsarin mulki bai ƙirƙiro haƙƙin rai da mutunci ba, tarar da su ya yi, ya shaide su. Dokar da ta saɓa wa wannan kuwa, ka ce, ta ci sunan doka ne kawai.

Da wannan hujja ka tsaya wa lungunmu. Ta nan yara ke zuwa makaranta, ta nan maƙwabciyarmu Maman Chigozie ke fita coci, ta nan ake fita da gawa tun zamanin kakanni. Alhaji Nagoda ya sayi filin da ke gefe, ya ce lungun ma yana cikin iyakarsa. Ka kai ƙara. A gabana ka ce masa, "Alhaji, ka sayi ƙasa, ba ka sayi ƙafafun mutane ba."

Sai ya jira. Kana kwance a asibiti, magina suka jera bulo suka toshe lungun.

Mijina Mubarak ya dawo daga jana'izarka idanunsa jajur. Ya ce sun ɗauko makararka, ƙafafunsu suka nufi lungun kamar yadda suka saba, sai ga katanga. Dole suka juya da kai, suka zagaya ta bakin titi, ana kauce wa 'yan acaɓa. Kai, Baba! Kuma da yamma Alhaji Nagoda ya zo ya zauna a tabarmar gaisuwa, yana cewa shi bai karya doka ba.

A littattafaina, azzalumi yakan yi nadama kafin shafin ƙarshe. Na daina jiran wannan. Ranar da za a koma kotu, mu matan layin za mu je, har da Maman Chigozie, mu zauna inda kake zama.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Inna Ishatu, matarka, da 'ya'yanka, Allah Ya ba su haƙuri. Alhaji Nagoda kuwa, ya tuna shi ma a kafaɗa za a ɗauke shi, kuma ƙofar gidansa cikin layinmu take.