Malam Sharhabil Mai Ƙirga Tireloli

Malam Sharhabil ɗan Jibrin ne, jikan Rabe mai awon gyaɗa, wanda ya baro Malumfashi ya zauna a Kaduna tun zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar amfanin gona. A unguwar Badarawa aka haifi Malam Sharhabil. Ya shekara talatin da biyar yana aikin akawu a ma'aikatar ayyuka, amma da sayen hannun jari unguwa ta fi saninsa.

Hanyarsa ta bambanta da ta kowa. Ba ya kusantar kamfanin giya ko banki mai cin ruwa, kuma ba ya sa kwabonsa a kamfanin da bai taka ƙofarsa ba. Kowace Asabar yakan hau Besfarsa ya haye gada zuwa Kakuri, unguwar masana'antu, ya zauna wajen mai shayi yana ƙirga tirelolin da ke fitowa da kaya. Idan sun fi na makon jiya, sai ya ce kamfanin yana da lafiya.

A wancan lokaci mu bakwai ne muke zama a bencin ƙofar gidansa bayan rana ta fito. Yakan buɗe jarida a shafin farashi, ya ja layi da jan biro, sannan ya faɗi inda yake ganin kasuwa za ta dosa a ranar. Abdulƙadir direba yakan kira shi Gwamnan Babban Bankin Badarawa, shi kuwa ya amsa da cewa gwamnan da direbansa ke shanye masa shayi kyauta bai more mulki ba. Faɗuwar kasuwa ta 2008 ta kori uku daga cikinmu, mutuwa ta ɗauki biyu, masana'antun da yake ziyarta kuma suka yi ta rufewa. Daga baya shi ma ya sayar da yawancin abin da ya mallaka domin karatun 'ya'yansa, har ya rage masa hannun jarin wani kamfanin fulawa kaɗai.

Bara farashin wannan hannun jari ya tashi fiye da yadda aka taɓa gani. 'Yarsa Nafisat da mijinta Rilwanu suka matsa masa ya sayar kafin ya sauko. Rilwanu yana wani ciniki ta waya da suke kira ofshin, inda mutum ke biyan kuɗi kaɗan ya sayi damar saye ko sayarwa a kan wani farashi kafin wata rana, ya kuma yi alkawarin juya masa kuɗin a can. Malam ya tambayi ina ƙofar wannan kamfani take, aka ce ai ba shi da ƙofa.

"Baba, zamanin ƙirga mota ya wuce," in ji Nafisat. "Ko rufin ɗakinka ka gyara."

Maganar rufi ta kama shi, domin yana yoyo. Ya saka babbar riga, na raka shi ofishin dillalin hannun jari. Aka miƙa masa takardar sayarwa, ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya zare hular biro, ya daɗe yana dubanta, sannan ya mayar da hular bai sa hannu ba, ya ce mu tafi.

Sai da muka shiga Keke Napep na tambaye shi dalili.

"Ai rufi kwano huɗu ne, fansho zai yi," in ji shi. "Amma in na sayar da wannan, gobe da safe me zan tashi in duba?"